Koyar Da Matasa Sana'a Da Dukiyar Al'umma: Haƙƙin Wa Ake Ci Idan Aka Sayar Da Keken Ɗinki?

 

Gwamnatocin Nijeriya sun daɗe suna kashe dukiyar al'umma wajen koya wa matasa sana'a. Tun a 1971 aka kafa asusun horar da ma'aikata na ITF, mai hedikwata a Jos. A ƙarshen 1986, lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ya jefa mutane da yawa cikin rashin aiki, aka kafa hukumar samar da aikin yi ta NDE, wadda ta riƙa kai matasa wurin gwanayen sana'a su koya a shagunansu. A 2016 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta fito da shirin N-Power, ta ɗauki matasa 200,000 a rukunin farko, daga baya ta ƙara 300,000, tana ba masu digiri da makamantansu naira 30,000 a wata, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 18,000. An dakatar da shirin a watan Oktoban 2023 domin bincike, alhali matasa da yawa suna kukan bashin alawus. A ƙarshen wannan shekarar kuma aka ƙaddamar da 3MTT, mai burin koya wa mutum miliyan uku ayyukan fasahar kwamfuta. Jihohi ma ba a bar su a baya ba. A Kano, tsakanin 2011 da 2015, an buɗe cibiyoyin koyon sana'a fiye da ashirin, har da na tuƙin mota da kiwon kaji da kiwon kifi.

Ba tarihin waɗannan shirye-shirye ne ya sa muka ɗauki alƙalami ba. Tambayoyin da ake yi mana bayan salla ne. Wani ya ce an sa sunansa a horon walda, bai taɓa zuwa ba, amma alawus yana shigo masa, shin halal ne? Wata ta aiko mijinta ya tambaya: an ba ta keken ɗinki ranar yaye ɗalibai, tana so ta sayar ta yi wa 'yarta kayan ɗaki. Wani kuma an ce ya kawo wani abu kafin a ba shi gurbi. Masu waɗannan tambayoyi mutanen kirki ne, da ba su da tsoron Allah ba za su tambaya ba. Sai dai tambayoyin suna nuna yadda aka ɗauki lamarin tun daga tushe: rabon ganima, ba neman ilimi ba.

Mu fara da matsayin sana'a kanta. Imamu Gazali, a babin ilimi na littafinsa Ihya'u Ulumiddin, ya lissafa tushen sana'o'i irin su noma da saƙa da ɗinki, har da ƙaho, a cikin farillan da idan wasu suka yi an sauke wa kowa, idan kuwa aka rasa mai yi duka gari ya yi laifi. Wannan hukunci ya fi ƙarfin a ce sana'a abu ne mai kyau. Ma'anarsa ita ce garin da ba shi da mai gyara famfon rijiyar burtsatse, har mata da yara suka koma shan ruwan kududdufi, akwai alhaki a wuyan mutanensa. Unguwar da ba ta da wanda ya iya haɗa wutar lantarki yadda ya kamata, har gobara ta zama ruwan dare, ita ma haka. Buhari ya ruwaito cewa Annabi Dawuda (AS), duk da sarautarsa, daga aikin hannunsa yake ci. Muslim ya ruwaito cewa Annabi Zakariyya (AS) kafinta ne. Uwar muminai Zainab 'yar Jahshi (RA) tana aikin hannu tana sadaka da abin da ta samu, har ta zarce sauran matan Annabi (SAW) a kyauta.

Shin shugaba yana da hurumin kashe dukiyar jama'a a kan wannan? Yana da shi, kuma wajibinsa ne. Bayan yaƙin Badar, wasu daga cikin fursunonin Ƙuraishawa da ba su da abin fansar kansu, an sanya fansarsu ta zama koya wa yaran Madina rubutu, kamar yadda Imamu Ahmad ya ruwaito daga Ibnu Abbas (RA). Dukiyar fansa haƙƙin jama'ar Musulmi ce, kuma suna cikin tsananin buƙatarta a lokacin, amma aka musanya ta da ƙwarewa. A nan ƙasarmu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Umarun Dallaji, ya sanya kula da masu sana'a cikin ayyukan shugaba, manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da kafintoci, tare da tabbatar da cewa kowane gari ya sami nasa. Saboda haka wanda ya guji shirin koyon sana'a don yana ganin baƙon abu ne da ba shi da asali a addini, ya sake nazari.

Akwai wani labari da ya kamata duk mai tsara irin wannan shiri ya karanta a tsanake. Abu Dawuda da Ibnu Maja sun ruwaito daga Anas (RA) cewa wani mutum daga cikin Ansar ya zo wurin Annabi (SAW) yana roƙo. Aka tambaye shi abin da ya mallaka a gida, ya ce wani mayafi ne da suke shimfiɗa rabi su lulluɓa da rabi, sai akushin shan ruwa. Aka sa ya kawo su, aka yi gwanjonsu a kan dirhami biyu. Aka umarce shi ya saya wa iyalinsa abinci da dirhami ɗaya, ya sayo bakin gatari da ɗayan. Annabi (SAW) ya sa wa gatarin ƙota da hannunsa mai albarka, ya tura shi yin itace, ya ɗiba masa kwana goma sha biyar. Da ya dawo, ya tara dirhami goma. Amanar ilimi ta sa mu faɗa cewa malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, wasu sun raunana shi, cikinsu har da Shehu Albani. Amma asalin ma'anarsa ya tabbata a Buhari, a hadisin Zubairu ɗan Awwam (RA) da ya fifita ɗaukar igiya a yo itace a sayar a kan roƙon mutane.

Ku duba matakan da aka bi. An fara da tambayar mutumin halin da yake ciki, ba a yanke masa sana'a daga nesa ba. An cire jarin daga abin da ya mallaka, don haka gatarin yana da daraja a idonsa, ya san abin da ya rabu da shi kafin ya same shi. An toshe yunwar gida kafin a tura shi daji, domin wanda 'ya'yansa ke kuka ba zai jira ribar gobe ba, kayan aikin zai sayar. An zaɓa masa aikin da ke da kasuwa a garin. Sannan aka sa masa ranar dawowa. Wannan na ƙarshe shi ne abin da shirye-shiryenmu suka fi rasawa. Ana yin bikin yaye ɗalibai, a jera kekunan ɗinki da injinan markaɗe a filin taro, a ɗauki hoto, manyan baƙi su watse, shi ke nan. Babu wanda zai koma bayan wata uku ya ga ko keken na juyawa, ko an sami shago, ko akwai wutar da za ta tayar da injin walda, ko kuɗin man janareta ya cinye ribar tun bayan cire tallafin mai a 2023. A wurin wasu masu bayarwa, aikin ya ƙare ranar da hoto ya fita.

Wani aibin kuma shi ne gajeren lokaci. Duk wanda ya taɓa zama a garejin bakanike, ko ya shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, ya san shekaru yaro yake yi kafin maigidansa ya yarda ya bar masa aiki shi kaɗai. Ibnu Khaldun ya yi bayani a Muƙaddima cewa sana'a ɗabi'a ce da ke zama a jiki ta hanyar maimaitawa a gaban malami, kuma ƙwarewar ɗalibi gwargwadon ƙwarewar wanda ya koya masa ce. Horon mako biyu a ɗakin taro ba ya mai da mutum tela. Abin da yake samarwa shi ne takardar shaida, sai kuma wanda zai ɓata wa mutane yadi da sunan ya iya. Wanda ya karɓi aikin da bai iya ba ya lalata, a fiƙihu shi zai biya, kuma mazhabar Malikiyya ta shahara da ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka ba su.

Yanzu mu koma ga tambayoyin. Wanda aka rubuta sunansa, ba ya zuwa, yana karɓar alawus, abin da yake ci ba halal ba ne. An ba da kuɗin ne bisa sharaɗin halarta, domin ya zama kuɗin mota da abinci ga mai koyo, kuma shi da kansa ya sa hannu a kan haka. Ayar farko ta Suratul Ma'ida ta yi umarni da cika alƙawura, aya ta 29 ta Suratun Nisa'i kuma ta hana cin dukiya ta hanyar ɓarna. Hausawa ma sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Uzurin da muka fi ji shi ne, ai kuɗin gwamnati ne, kuɗinmu ne, manya ma suna ci. Gaskiya ne kana da haƙƙi a dukiyar al'umma, amma haƙƙin tarayya ne, ba a ba kowa damar yanke rabonsa da hannunsa ba. Satar babba kuma ba ta halatta ta ƙarami. Buhari ya ruwaito daga Khaula Ba'ansariya (RA) gargaɗin wuta ga masu kutsawa cikin dukiyar Allah ba da haƙƙi ba, malamai kuwa sun fassara ta da dukiyar jama'a. Ban da haka, guraben ƙididdigaggu ne. Idan an ware wa ƙaramar hukuma mutum ɗari, kai da ba ka da niyyar koyo ka shige, akwai wani maraya a bayan layi da ka tare wa hanya. Ba ka san sunansa ba, amma za ku haɗu.

Laifin ya fi nauyi ga jami'in da ya cusa sunayen 'ya'yansa da ƙannen matarsa, ko sunayen da babu masu su. Muslim ya ruwaito daga Adiyyu ɗan Amira (RA) cewa wanda aka ba aikin jama'a ya ɓoye ko da allura ce, ha'inci ne da zai zo da shi ranar ƙiyama. Haka maigidan shagon da ke sa hannu cewa yaro ya zo alhali bai gan shi ba, domin a raba alawus ɗin biyu, ya haɗa shaidar zur da cin haram. Ɗan siyasar da aka ba kason guraben mazaɓarsa ya raba wa 'yan korensa kaɗai, ya tuna cewa da dukiyar wanda ya zaɓe shi da wanda bai zaɓe shi ba aka sayi kayan. Sayar da gurbi kuwa rashawa ce tsantsa. Wasu malamai sun yi rangwame ga wanda aka tilasta wa bayarwa domin ya karɓi tabbataccen haƙƙinsa da aka danne, amma gurbin da dubban mutane ke nema ba haƙƙin mutum ɗaya ba ne tukuna. Wanda ya biya ya sayi wuce wasu ne kawai. A yi hattara kuma da 'yan damfara a WhatsApp da Facebook masu neman kuɗin fom, ko lambar BVN da lambobin sirrin katin banki. Rajistar N-Power da ta 3MTT kyauta aka yi su.

Mas'alar sayar da kayan sana'a tana buƙatar rarrabewa, ba a yi mata hukunci ɗaya. Idan hukumar ta bayyana cewa kayan nata ne har zuwa wani lokaci, ko aro ne, to wanda ya sayar ya sayar da abin da bai mallaka ba, cinikin ɓatacce ne, mai saye ma idan ya sani ya yi tarayya a laifin. Idan an mallaka masa amma ya sa hannu cewa ba zai sayar ba, ya saɓa alƙawari, kuma ya ci amanar dalilin da ya sa aka zaɓe shi aka bar wani. Idan kuwa an ba shi kyauta ba tare da wani sharaɗi ba, cinikin ya inganta, ba za mu ce masa ya ci haram ba, sai dai ya yi wa kansa asara. Wanda kuma tun farko ya shiga horon da niyyar karɓar kaya ya sayar, ya yi yaudara ko da babu takardar da ya sa wa hannu, domin abin da kowa ya sani a al'ada daidai yake da abin da aka sharɗanta.

Akwai wanda muke tausaya wa a nan. Matar ƙauye da aka ba na'urar busar da gashi alhali garinsu ba a taɓa kafa turken wuta ba, ko yaron da ya koyi gyaran babur aka miƙa masa injin aski. Irin waɗannan, abin da muke gani shi ne su nemi izinin hukumar idan da hali, su musanya kayan da abin da zai yi musu aiki a sana'a, domin manufar mai bayarwa ita ce dogaro da kai, ba wannan ƙarfen ba. Wanda yunwa ko jinyar gaggawa ta kai shi bango shi ma yana da uzurinsa gwargwadon lalurarsa. Amma kayan ɗakin amarya ba sa cikin wannan babi. Keken da aka riƙe da kyau yana iya yin kayan ɗakin 'ya'ya uku. Dillalan da ke tsayawa a ƙofar filin taro suna saye a farashin wulaƙanci kafin ma a cire ledar, su ji tsoron Allah. Sun san abin da suke saye.

Wani ɓangare na matsalar yana cikin gidajenmu. Har yanzu akwai iyayen da za su hana 'yarsu auren maƙeri ko mahauci ko wanzami, ko da ya fi kowa riƙon addini da rufin asiri, su ba wanda ya shekara bakwai yana yawo da takardu yana jiran aikin ofis. Yaron da ya taso yana jin haka, yaya za a yi ya ɗauki horon aikin famfo da muhimmanci? Zai je ne don alawus, yana ɓoye wa abokansa. Sai ga shi idan ana babban gini a Abuja ko Kano, masu shimfiɗa tayil da gyaran silin sau da yawa daga Togo da Benin ake ɗauko su, kuɗin ya bi su gida. Abdurrahman ɗan Aufu (RA) ya iso Madina ba shi da komai, ɗan'uwansa Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya yi godiya ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Muna son wannan labari a kan mumbari, amma a wurin neman aure wani ma'auni muke fitowa da shi.

Almajiran tsangaya su ne suka fi kowa buƙatar waɗannan shirye-shirye, kuma su ne suka fi wahalar shiga. Fom ɗin yana intanet, da Turanci, ana neman lambar NIN da asusun banki, wani lokaci da takardar makaranta. Gardin da ya haddace Alƙur'ani ya rubuta shi da ka, wanda ya nuna haƙuri da kaifin ƙwaƙwalwar da duk mai koyar da sana'a ke nema, sai ya tsaya a ƙofa. Alhali tsangaya ta asali ba ta san zaman banza ba, malam da ɗalibansa suna noma da damina, da rani a yi ɗinkin hula da sauran ayyukan hannu. A 2023 an sa hannu a dokar kafa hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Muna ganin babban abin da za a auna ta da shi shi ne gardawa nawa ta kai ga sana'ar da za su riƙe iyali ba tare da sun bar karatunsu ba.

Ga mata kuwa, iyaye da mazaje da yawa ba sana'ar suke ƙi ba, yanayin wurin ne. Inda aka sami mata masu koyarwa, aka sa lokacin da bai kai dare ba, aka kawo cibiyar kusa da unguwa, ba a rasa masu zuwa.

Sau da yawa horo yana zuwa ne haɗe da rancen jari, a nan kuma mas'alar riba ke shigowa. Ƙarancin kuɗin ruwa ba ya canja hukuncinsa, kuma kasancewar gwamnati ce mai bayarwa ba ya canja shi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a 2020 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idojin ba da wasu daga cikin rancensa na tallafi ta hanyar da babu ruwa, cikinsu har da shirin AGSMEIS na masu noma da ƙananan sana'o'i. A irin wannan tsari, maimakon a ba ka kuɗi, ana sayo kayan aikin ne a sayar maka da riba sananniya, ka biya a hankali. Bankuna irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da TAJ da Lotus a kan wannan tafarki suke. Don haka duk lokacin da aka buɗe sabon shiri, matashi ya tambaya ko akwai ɓangaren da babu ruwa kafin ya sa hannu, wakilanmu a majalisu kuma su nace a sanya shi tun a wurin tsarawa.

Zakka ma tana da rawar takawa a daidai inda gwamnati ke tsayawa. Imamu Nawawi ya kawo a cikin Al-Majmu'u cewa matalaucin da ke da sana'a ana ba shi daga zakka abin da zai sayi kayan aikinsa, ko kuɗinsu ya yi yawa ko kaɗan, gwargwadon abin da ribarsa za ta riƙe shi. Malikiyya kuma sun halatta a ba mabuƙaci abin da zai ishe shi shekara. Attajirin da ke raba zakkarsa naira dubu-dubu ga layin mutane, da zai ware wani kaso ya biya wa matasa biyar da suka kammala horo kuɗin hayar shago na shekara, da cikin ikon Allah ya fitar da gida biyar daga layin. Hukumomin zakka da waƙafi na jihohi irin su Sakkwato da Kano da Zamfara za su iya karɓar sunayen waɗanda aka yaye su tantance. Kwamitin masallacin unguwa kuwa ya fi kowane ofishi sanin wanda yake zuwa shago da wanda yake kwana a majalisar shayi. Ranar dawowar nan ta kwana goma sha biyar, idan hukuma ba ta sa ba, liman da mai unguwa da dattawa biyu za su iya sawa.

Saura wanda ya riga ya ci, yanzu yana neman mafita. Tuba daga haƙƙin bayi ba ta cika sai da mayarwa. Ya lissafa abin da ya karɓa na watannin da bai halarta ba, ko ƙimar kayan da ya sayar ba bisa ƙa'ida ba. Idan akwai amintacciyar hanyar mayar da shi asusun hukumar, ita ce kan gaba. Idan babu, ko ya tabbata wani ne zai soke shi a aljihu, malamai sun ce a sanya irin wannan dukiya cikin maslahar jama'a, kuma mafi kusa da asalin manufarta shi ne ya biya wa wani matalaucin yaro kuɗin koyon sana'a ko ya saya masa kayan aiki, ba da niyyar sadaka daga gare shi ba, da niyyar sauke nauyi. Idan ba shi da hali yanzu, bashi ne a kansa, ya rubuta, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan, ya kuma sanar da wani amintacce daga iyalinsa. Wanda kuma har yanzu sunansa na cikin shirin, ko dai ya fara zuwa daga gobe, ko ya je ya ce a cire shi a sa wani. Allah ne Mafi sani.